Na gaji tsohon keken ɗinki da gwangwanin ƙarafa, ina neman wanda ya san aikinsu

YarTela_Gwale:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tela ne, kuma da aka raba gado keken ɗinkinsa ya faɗo a rabona. Baƙin Singer ne na takawa, zanen ruwan zinarin da ke jikinsa ya goge a daidai inda hannu ke gogawa, amma wilin yana juyawa lafiya. A aljihun teburin na tarar da wani tsohon gwangwanin alewa cike da ƙarafa waɗanda ban taɓa ganin ya ɗaura su ba: akwai mai hannu kamar cokali mai yatsu biyu da wasu siraran faranti masu shuɗi-shuɗi, akwai mai baki a naɗe kamar dodon koɗi, akwai mai kama da mazurari, akwai kuma dogo mai ma'auni biyu da lambobi. Babbar damuwata ita ce ƙoshiyar keken ta ɓata, na sayo sabuwa a kasuwa, mai shagon ya ce duk baƙin keke ƙoshiyarsa ɗaya ce, amma ta ƙi zama, kuma da na matsa mata allura biyu suka karye. Ina roƙon wanda ya sani ya yi mini bayani, domin ba na son in lalata abin da ya ciyar da mu shekara da shekaru.

MaiGyaranKeke_Fagge:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa Baba. Hajiya, ki dakata da matsa ƙoshiyar nan tukuna, domin ba a sayen kayan keke sai an san wane keke ne. Ki duba abu uku ki faɗa mana. Lambar da ke kan ɗan ƙaramin fili a gindin keken ta hannun dama, da wane harafi ta fara? Abin ɗaure zaren sama, a goshin keken yake yana kallonki, ko a gefen hagu yake a jikin murfin fuska? Sannan ki kwantar da kan keken baya, ki dubi zoben da ƙoshiya ke shiga, za ki ga wani ɗan tsagi inda ƙahon ƙoshiya ke zama. Idan kika ɗauki zoben kamar fuskar agogo, tsagin yana wajen ƙarfe 1 ne ko wajen ƙarfe 11?

YarTela_Gwale:
Na gode Malam. Lambar ta fara da haruffa biyu, na farkon E ne. Abin ɗaure zaren yana gefen hagu a jikin murfin fuska. Tsagin kuwa yana wajen ƙarfe 11, ita kuma ƙoshiyar da na sayo ƙahonta ya karkata ta ɗaya ɓangaren. Akwai kuma wani hannu a cikin zagayayyen faranti ta dama, idan na ɗaga shi sama keken yana ɗinki da baya.

MaiGyaranKeke_Fagge:
To, magana ta fito. Kekenki ɗan gidan 15 ne, wato jerin kekunan Singer samfurin 15, kuma bisa abin da kika siffanta, 15K88 ne. Harafin K yana nufin Kilbowie, wato masana'antar Singer da ke Clydebank a ƙasar Sikotilan, wadda aka rufe a 1980, kuma lambobi masu haruffa biyu da suka fara da E na can ne, daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa sama. Ƙoshiyar da aka sayar miki ta Butterfly ce da sauran kekunan da aka kwaikwayo daga tsohon 15-30, waɗanda ƙahonsu ke kallon ƙarfe 1. Su kuwa 15-88 da 15-90 da 15-91 ƙahonsu ƙarfe 11 yake kallo, don haka ko kwana za ki yi kina turawa ba za ta zauna ba. Sai ki nemi mai ƙahon ƙarfe 11, kuma ki je da kan keken ko hoton zoben, kada ki dogara da bakin mai shago. Akwai abu na biyu da yake wahalar da waɗanda suka saba da Butterfly: a kekenki ɓangaren allura mai faɗi hagu yake kallo, zare kuma daga dama zuwa hagu ake zura shi, wato akasin abin da hannunki ya saba.

Tela_Damagaram:
Abin da Malam na Fagge ya faɗa game da allura gaskiya ne, kuma na gani da idona. Wani maƙwabcina a kasuwa ya sayi irin wannan keke a hannun wata tsohuwa, ya yi kwana uku yana cewa keken yana tsallake kuma ba ya ɗauko zaren ƙasa, har ya fara kwance ƙugiyar da ke kamo zare a ƙasa yana neman ya gyara saitinta. Da na zo na juya allurar kawai, sai ɗinki ya fito tsaf. Hanyar da ubangidana ya koya mini ita ce a shafa allura da farce a nemo dogon kwarin da ke jikinta, domin ta wannan ɓangaren zare ke shiga, kuma madogarar zare ta ƙarshe da ke saman allura tana nuna daga inda zaren zai fito. Wanda ya riƙe wannan ba ya buƙatar haddace lambar kowane keke.

Uwargida_Tudunwada:
Ni tambayata a kan suna ce, don kada mu rikita baiwar Allah. A wajen da na koyi ɗinki, abin da ake naɗa zare a kai shi ake kira rila, gidansa kuma shatul. Da kuka ce ƙoshiya, wanne kuke nufi?

Baba_TsohonTela:
'Yata, sunayen nan daga masaƙa muka aro su. A wurin masaƙi ƙoshiya ita ce 'yar kwalekwalen itacen da yake jefawa tsakanin zare, kwarkwaro kuma shi ne abin da zaren ke naɗe a kai a cikinta. Da keke ya zo sai teloli suka ɗora waɗannan sunaye a kansa, kuma sun dace, domin kekunan farko da na taɓa, irin su 27 da 127 da ƙanensu 128, ƙoshiyarsu doguwa ce mai tsini kamar harsashi, tana kai da komo a ƙarƙashin faranti biyu masu zamewa, kwarkwaronta kuma siriri ne dogo. Saboda haka rilarki ita ce kwarkwaro, shatul ɗinki kuma ƙoshiya. Ita mai tambaya ina so ta zazzage gwangwanin nan a kan farin ƙyalle ta faɗa mana irin kwarkwaron da ke ciki, domin tsofaffin teloli ba ma zubar da ƙarfe, kuma ba lalle ne duk abin da ke ciki na wannan keken ba ne.

YarTela_Gwale:
Baba, Allah ya ƙara girma, na zazzage. Kwarkwaro goma sha ɗaya ne. Bakwai gefensu a miƙe yake, uku gefensu ya ɗan lanƙwasa kamar murfin tukunya kuma sun fi sauran gajarta kaɗan, ɗaya kuma siriri ne dogo kamar yadda ka siffanta, har da ragowar jan zare a jikinsa. A jikin yawancin ƙarafan an buga SIMANCO da lambobi. Mai hannun nan 120598 ne, mai ma'auni biyu 36583, mai naɗaɗɗen baki 120855, akwai 35931 da 36865 kuma.

Malamar_Dinki_Zariya:
Masha Allah, 'yar'uwa, dukiya kika gada. Kalmar SIMANCO taƙaitaccen sunan kamfanin Singer ne, ita ce shaidar cewa kayan na asali ne. Bakwai ɗin nan masu miƙaƙƙen gefe su ne na kekenki. Uku masu lanƙwasa na gidan 66 ne, su ne ake jefawa ta sama a kekuna irin 66 da 99 da 201, kada ki sa su a naki ko da sun shiga, domin za su riƙa rawa a cikin ƙoshiya zaren ƙasa ya ƙi daidaita. Dogon kuwa na irin keken da Baba ya ambata ne, wataƙila mahaifinki ya yi aiki da shi kafin wannan.

Bari in tsaya a kan 120598, domin shi na fi amfani da shi wajen koyar da ɗalibaina. Ƙafar tattara ce, tana yin tattara da ƙananan ninki masu tazara ɗaya. Za ki cire ƙafar keke gaba ɗaya, ki ɗaura wannan a gurbinta, amma ki tabbata hannun nan mai yatsu biyu ya rungumi sukurun da ke ɗaure allura, domin hawa da saukar allura ne ke tura shi, idan ya zauna a sama ko a ƙasan sukurun babu abin da zai motsa. A samansa akwai ɗan hannu mai ramuka da aka rubuta 1 da 6 da 12 da alamar tauraro. Idan kika sa a 1 zai tura yadi a kowane ɗinki, wato tattara ke nan, a 6 zai yi ninki ɗaya bayan ɗinki shida, a 12 bayan sha biyu, tauraro kuma ɗinki ne miƙaƙƙe babu ninki. Sukurun da ke gefe shi ke ƙara zurfin ninki ko ya rage. Yadin da za a tattare tsakanin faranti biyun nan masu shuɗi yake shiga, wanda za a ɗinka shi a kai kuma a ƙarƙashinsu, don haka a tafi ɗaya za ki tattare gindin rigar yarinya ki haɗa shi da jikin rigar. Gargaɗina shi ne kada ki taka keke babu yadi a tsakanin faranti biyun, domin ƙananan haƙoran na sama za su goge a kan na ƙasa su dakushe. Kafin ki taka ma, ki juya wili da hannu a hankali ki ga allura ta shiga ramin ba ta taɓa ƙarfe ba.

Saurayin_Tela_Kwari:
Da girmamawa ga Malama, ni ban ga amfanin ɓata lokaci a kan waɗannan ƙarafa ba. A shagonmu muna ɗinka kaya da yawa a mako, musamman gab da salla, kuma tattara da hannu muke yi, mu tura yadi da bakin almakashi ko da yatsa, kalmasa kuma mu ninke mu bi. Kafin mutum ya kwance ƙafa ya ɗaura wata ya yi gwaji a ƙyalle, na gama riga guda. Waɗannan kaya an yi su ne don matan Turawa masu ɗinki a gida, ba don mai neman abinci da keke ba.

Malamar_Dinki_Zariya:
Ɗana, ban musa maka cewa hannun da ya ƙware yana da sauri ba, kuma gaskiya ne cewa da kekunan gida aka riƙa sayar da su. Amma ka gwada yi wa mayafi na boyel ko shifon kalmasa siririya mai tsawon yadi biyu da rabi a gefe huɗu, da hannu, ka ga ko faɗinta zai zo ɗaya daga farko har ƙarshe. Wannan 120855 ɗin da ta ambata aikinsa ke nan, yana naɗe bakin yadi sau biyu da kansa kafin allura ta sauka. Wahalarsa a farawa take: sai ka ninke ɗan somin da hannu, ka yi ɗinki biyu ko uku, ka bar allura a ciki, ka ɗaga ƙafa ka zura bakin yadin cikin naɗin, sannan ka riƙe zaren biyu ta baya ka ci gaba. Idan ka ba shi yadi da yawa zai cushe, idan ka rage bakin zai fito da zare-zare. Mako guda na koyo ya isa, kuma daga nan mayafi ashirin ba sa tsorata ka.

Baba_TsohonTela:
Ku biyun kuna da gaskiya ta fuskar aikin da kowa yake yi. Mu da muka yi zamani da kaftani da wando da 'yar shara ba mu cika buƙatar tattara ba, shi ya sa irin wannan gwangwani yake kwana a aljihun tebur har mai shi ya rasu, kamar yadda ya faru da mahaifin yarinyar nan. Amma mai ma'auni biyun nan, 36583, na yi aiki da shi a gaban rigunan 'yan makaranta. Yana ɗinka ninki ɗaya, a lokaci guda kuma yana shata layin da za a ninke na gaba, ma'auni ɗaya na faɗin ninki, ɗayan na tazarar da ke tsakani. Ba alli, ba tef, kuma layukan suna fitowa kamar an ja su da rula. A yadi mai ƙarfi irin shadda ko farin yadin makaranta shatin yana fitowa sosai, a mai santsi kuwa da ƙyar ake ganinsa.

DanZongo_Kumasi:
Salamu alaikum jama'a. Ina bin wannan magana domin ina da matsala makamanciyar ta. Na sayi ƙafar zif da ƙafar kalmasa a wurin masu sayar da kayan kekunan masana'anta, na zo ɗaurawa a tsohon 99K na mahaifiyata, sai na ga ƙafar ta yi tsawo, ko na ɗaga ta ba ta barin yadi ya wuce. Shin akwai dabarar da ake yi, ko asara na yi?

MaiGyaranKeke_Fagge:
Ɗan'uwa na Kumasi, ƙafafun ba su lalace ba, amma ba na kekenka ba ne. Ƙafar keke iri-iri ce ta wajen tsawon wuya. Tsofaffin kekunan gida irin 15 da 99 da 201 da 221, har da Butterfly, gajeren wuya gare su, daga ƙasan ƙafa zuwa ramin sukuru kamar rabin inci ne. Na masana'anta dogon wuya ne, kusan ninkin wancan. Akwai kuma na uku mai karkataccen wuya, wanda Singer ta fito da shi a kan 301 a farkon shekarun 1950, sannan 401 da 'yan'uwansa suka biyo, shi ma ba ya hawa naka. Har a gidan 66 akwai na farko-farko da ake ɗaure ƙafarsu ta baya maimakon ta gefe. Kada ka yarda wani ya ce zai ɗaga maka sandar ƙafar don ta karɓi dogon wuya, domin daga ranar ƙafarka ta asali ba za ta ƙara danne yadi daidai ba. Haka allura: kekenka mai gindi da gefe ɗaya a shafe yake so, wadda ake rubuta wa 15x1 ko 130/705H ko HAx1 a fakiti, ba DBx1 mai zagayayyen gindi ta keken masana'anta ba.

Tela_Damagaram:
Ina ƙara wa maganar Malam abu ɗaya da ya taɓa cin kuɗina, wato sukuru. Singer ta dā da nata irin sukuru take aiki, ba irin wanda ake samu a wurin masu kayan babur ba. Sukurun farantin allurata ya ɓace, wani mai gyara ya ɗaura mini wanda ya ga ya yi kama, ya matse da ƙarfi, ramin ya cinye. Yanzu duk sukurun da na kwance a cikin murfin kwalba nake ajiye shi, kuma idan na ga mataccen kan keke ana sayarwa da arha ina saye domin sukurorinsa kawai.

Uwargida_Tudunwada:
Tunda ƙarafan sun daɗe a ajiye, ai sai an wanke su kafin a ɗaura. Ni da man gyaɗa kaɗan nake shafa wa nawa idan man keke ya ƙare, ban sani ba ko kuskure ne.

MaiGyaranKeke_Fagge:
Hajiya, ki daina, don Allah. Man gyaɗa da man ja da duk man girki suna bushewa su zama danƙo, kuma yawancin kekunan da ake kawo mini a ƙage wannan ne sanadinsu, sai kuma baƙin man mota. Farin man keke mai ruwa-ruwa shi kaɗai ya dace. Ƙarafan gwangwani kuwa a jiƙa su cikin kananzir, a goge da tsohon buroshin haƙori, a shanya, a ɗiga mai a gaɓoɓin da ke motsi, sannan a yi gwaji a tsumma har man ya daina fita kafin a kusanci yadin mutane. Jikin keken kuma kada a taɓa shi da sipirit ko ruwan omo, domin suna cin fentin da ke rufe zanen zinarin, ƙyalle mai laushi da ɗigon man keke ya wadatar.

Dalibar_Dinki_Maradi:
Ina gaida manya. Ban ga an yi bayanin mai kama da mazurari ba, da kuma 35931 da 36865, ni ma ina da su a kayan kakata.

Malamar_Dinki_Zariya:
Mai mazurarin na dajiya ne, wato yana naɗa ƙyallen da aka yanka a karkace a bakin wuya ko hannu ko gefen zanen gado, ya ɗinke sama da ƙasa a tafi ɗaya. Ki yanka ƙyallen ɗan ƙasa da inci ɗaya, ki fiƙe bakinsa da almakashi don ya shiga mazurarin. 35931 na kalmasa ne shi ma, amma mai ma'auni, ana buɗe shi daga siririya har kusan inci ɗaya. 36865 kuma mai tsage-tsage ne, yana riƙe bakin yadi ko leshi biyu don ɗinki ya bi gefe daidai. Abin da nake fata ku samu shi ne na'urar gidan maɓalli, irin 160506, mai zuwa da ƙananan ƙarafa da ake sa mata a ciki gwargwadon girman maɓalli. Keken da ba ya zigzag ita ke kaɗa masa yadin hagu da dama, kuma gidan maɓallin da take yi ya fi na kekunan zamani da yawa kyau a idona. Sai dai dole a rufe haƙoran keke masu jan yadi da farantin da ke zuwa tare da ita.

MaiGyaranKeke_Fagge:
Malama, a keken mai tambaya akwai sukurun hannu a ƙarƙashi wanda ke saukar da haƙora, don haka ko babu farantin za ta iya aiki da na'urar.

Malamar_Dinki_Zariya:
Na san da sukurun, Malam, kuma na gwada hanyoyin biyu. Da farantin na'urar ta fi kama yadi, musamman mara kauri, domin yana ɗan ɗaga shi ya matse. Ban ce hanyarka ba ta yi ba, amma ni ba zan sayi wadda farantinta ya ɓata ba.

YarTela_Gwale:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na ɗauki hoton zoben na koma kasuwa, shago na huɗu na samu wani dattijo ya fito mini da tsohuwar ƙoshiya mai ƙahon ƙarfe 11 daga cikin wata jakar fata, tana shiga na ji ta yi ƙas ta zauna. Na juya allura kamar yadda Malam na Fagge da Malam na Damagaram suka ce, na ga zaren ƙasa ya hau da juyi ɗaya. Na yi ɗinki a tsohon zanen atamfa, sai na ji ƙarar keken nan da muke barci da ita muna yara, na daɗe zaune ban iya ci gaba ba. Ƙafar tattarar kuma na jiƙa ta a kananzir na ɗaura, tana aiki a 6 da 12, amma a 1 wani lokaci tana tura yadi wani lokaci tana wucewa ta samansa. Dogon kwarkwaron mai jan zare na mayar da shi gwangwani yadda na same shi.

Baba_TsohonTela:
Madalla, 'yata, Allah ya sa albarka a ciki. Batun tsallakewar, ki dubi bakin farantin sama da kyau a cikin haske, ko haƙoransa sun goge ko ya ɗan ɗaga daga kan na ƙasa. A wane irin yadi kika gwada, kuma sabo ne mai sitaci a jiki ko wankakke?

Saurayin_Tela_Kwari:
Malama ta Zariya, na nemo irin ƙafar kalmasar nan a akwatin maigidana. Idan na zo wajen kusurwar mayafi, cire yadin ake yi a sake farawa, ko akwai yadda ake juyawa ba a cire ba?